Mintunan farko da muke zubarwa kafin a kai yaro asibiti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili a wannan jarida in yi magana da iyaye, musamman mata 'yan uwana na cikin garin Kaduna da kewaye, a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamar jinya ce, kuma mafi yawan aikina a ɗakin yara na yi shi. Abin da ya fi ƙona mini rai a aikin nan shi ne yaron da za a shigo da shi a guje a saɓe a kafaɗa, jiki duk ya jiƙe da ruwan da aka kwarara masa, ana warin albasa, ka tambaya tun yaushe ya daina numfashi a ce maka tun daga gida, gidan kuma yana can cikin Rigasa ko Hayin Banki ko Rafin Guza, an tsaya neman Keke Napep, an sha cunkoso a hanya, kuma duk tsawon wannan lokacin ba wanda ya danna ƙirjinsa ko sau ɗaya, ba wanda ya hura masa iska. Mutanen nan fa suna sonsa, kuka suke kamar ransu zai fita. Ba a taɓa nuna musu abin da za su yi ba ne kawai.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta jure rashin iska. Daga minti 4 zuwa 6 da tsayawar numfashi da bugun zuciya ta fara lalacewa, idan aka kai minti 10 kuwa ba a yi komai ba abu ya yi nisa sosai. To ku lissafa da kanku, daga Rigasa zuwa asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada minti nawa ne, ko daga Kawo zuwa Barau Dikko da yamma lokacin da ma'aikata suka taso? Ko likitan da ya fi kowa ƙwarewa ke jira a bakin ƙofa, waɗannan mintunan na farko ba a hannunsa suke ba, suna hannun uwa, ko kaka, ko yayar yaron 'yar shekara 14, ko malamin Islamiyya, ko mai shagon ƙofar gida.

Abin da nake so a koya shi ne danna ƙirji da hura iska, wanda mu a asibiti muke kira CPR. Kuma na yara ya bambanta da na manya, wannan ne mutane da yawa ba su sani ba har da wasu da suka ɗan ga abin a bidiyo a waya. Babban mutum yawanci zuciyarsa ce ke fara tsayawa farat ɗaya, jininsa na nan da sauran iska a ciki, shi ya sa ake cewa ko dannawa kaɗai ka yi masa ka taimaka. Yaro kuwa zuciyarsa lafiya lau take yawanci, numfashin ne ke fara yankewa, ko ya faɗa ruwa, ko abu ya maƙale masa a maƙogwaro, ko namoniya ta ci huhunsa, ko ya ƙware da koko, sai zuciya ta yi ta raguwa saboda rashin iska har ta tsaya. Don haka a wurin yaro hura iskar nan ba abin wasa ba ce, ita ce rabin aikin. Kar wani ya ce ai iskar da na fitar ta riga ta lalace. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa tana da kusan kashi 16, ta isa ta riƙe yaro.

Bari in faɗi yadda ake yi dalla-dalla, mai karatu ya yi haƙuri da tsawon bayani, nan ne zuciyar maganar.

Idan kika ga jariri, wato wanda bai kai shekara ɗaya ba, ya saki jiki, kar ki jijjiga shi da ƙarfi, jijjiga jariri na iya yi wa ƙwaƙwalwarsa illa. Ki kira sunansa da ƙarfi ki ɗan bubbuga tafin ƙafarsa. Idan bai motsa ba ki kalli ƙirjinsa, kar ki wuce daƙiƙa 10 kina kallo. In ba ya numfashi, ko kuma yana wani irin jan numfashi ɗaya-ɗaya da nisa kamar shaƙuwa, wannan ba numfashi ba ne, alama ce ta zuciya ta tsaya ko tana gab da tsayawa, kuma nan ne ake yawan ruɗuwa a ce ai da sauran numfashinsa a tsaya kallo. Ki ƙwala kira a kawo ɗauki, ki nuna mutum ɗaya da suna ki ce wane jeka nemo mota, wance kira 112, don in kika ce a kira kawai kowa zai zaci wani ya kira. Lambar 112 ta gaggawa ce a duk Najeriya kuma kyauta ce, ki sa wayar a sifika ki ajiye ta gefe hannuwanki su samu aiki. Ba sai kin tsaya laluben bugun jijiya ba, mu kanmu da muka saba wani lokaci yana ba mu wuya a jariri.

Ki kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ƙasa ko kan tabarma ko benci ko tebur. Ban da katifa, don a kan katifa duk dannawar da kika yi soso ne ke shanyewa. Ki buɗe rigarsa. Wurin dannawa shi ne tsakiyar ƙirji a kan ƙashi, ƙasa kaɗan da layin da ya haɗa kan nonuwansa biyu. Ki zagaye ƙirjin da hannuwanki biyu, sauran yatsu na bayansa, manyan yatsunki biyu na kan ƙashin, ki danna. An daɗe ana koyar da yatsu biyu na hannu ɗaya, amma manyan yatsun nan sun fi ba da ƙarfi kuma ba a saurin gajiya, in kuma hannunki bai zagaye ƙirjin ba ki yi da gindin tafin hannu ɗaya. Zurfin dannawa kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wajen santimita 4 a jariri. Na san uwa za ta ce kai, zan karya masa haƙarƙari. Ƙashin yara na da laushi, ba kasafai yake karyewa ba, kuma ko ya tsage yana warkewa, matsalar da muka fi gani ita ce tausayi ya sa ana shafa ƙirji maimakon dannawa, jini kuwa ba ya zagayawa da shafa. Saurin shi ne sau 100 zuwa 120 a minti, kusan sau biyu kenan a kowace daƙiƙa, kuma bayan kowace dannawa ki bar ƙirjin ya dawo daidai kafin ki sake, don a lokacin ne zuciya ke cika da jini.

Ki ƙirga da baki har 30, sai hura iska sau 2. Kan jariri kar a lanƙwasa shi baya sosai, maƙogwaronsa siriri ne yana iya toshewa, ki daidaita shi hancinsa na kallon sama, ki ɗan ɗaga haɓarsa da yatsa. Bakinki ya rufe bakinsa da hancinsa gaba ɗaya, ki hura kaɗan, iskar da ke cikin kumatunki ma ta isa, na tsawon daƙiƙa ɗaya, idonki na kan ƙirjinsa. In ya ɗago to ta shiga. In bai ɗago ba ki gyara kan ki sake sau ɗaya, sannan ki koma dannawa kar ki ɓata lokaci. Haka za ki yi ta yi, 30 da 2, 30 da 2. A ƙasashen Turai suna koyar da a fara da hura iska sau 5 kafin a soma dannawa, a Amurka kuma sun fi farawa da dannawar, ni dai shawarata ga yaron da aka tsamo daga ruwa a fara masa da iskar. Ma'aikatan lafiya idan su biyu ne suna yin 15 da 2, amma ke da ke gida ki riƙe 30 da 2 ya wadatar.

Yaron da ya wuce shekara ɗaya har zuwa balaga kusan haka ne, sai dai da gindin tafin hannu ake dannawa a rabin ƙashin ƙirji na ƙasa, hannu ɗaya ko biyu gwargwadon girmansa, gwiwar hannu a miƙe, zurfi wajen santimita 5. Shi ana ɗan tura goshinsa baya a ɗaga haɓa, a matse hancinsa da yatsu a hura ta baki.

Idan ke kaɗai ce a gida ba waya ba kowa, kar ki bar shi ki fita neman mutane tukuna, ki yi masa kamar na minti 2 sannan ki fita, in jariri ne ki ɗauke shi a hannu ki tafi da shi. In akwai wani kusa ku riƙa karɓar juna duk minti 2, aikin na da gajiyarwa fiye da yadda ake zato. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a unguwanninmu ba kullum motar asibiti ke isowa da wuri ba, lungunan ma wasu mota ba ta shiga, sau da yawa motar maƙwabci ce za ta kai ku. To a cikin motar ma a ci gaba, kar a rungume yaro ana kuka ana salati kawai, a yi salatin hannu na aiki. Ba a tsayawa sai ya motsa ko ya soma numfashi da kansa, ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. In ya dawo numfashi a kwantar da shi ta gefe, kuma dole a kai shi asibiti ko da ya tashi yana wasa, musamman wanda aka tsamo daga ruwa, don huhu na iya rikicewa bayan wasu awanni.

Maganar ruwa kuwa Malam Edita, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. In aka ce ruwa hankalinmu sai ya tafi Kogin Kaduna da damina, ko kududdufan da ake haƙa a ɗebi ƙasar gini a bari a buɗe, kuma gaskiya ne suna cin yara maza masu zuwa wanka. Amma mai rarrafe da mai koyon tafiya a cikin gida suke halaka, a bokitin wanki, a baho, a durom ɗin da muka tara ruwa saboda famfo ba ya kawowa, a rijiyar da murfinta ya ruɓe, a ramin sokawe da aka haƙa ba a rufe ba. Kan yaro na da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu, shiru za ki ji kina can kina tuƙa tuwo. Da an tsamo shi kuma sai a kama ƙafafunsa a juya shi kai ƙasa, ko a yi ta matsa masa ciki wai ruwan ya fito. Don Allah a daina. Ruwan da ke fitowa daga tumbi yake fitowa ba daga huhu ba, yana ma iya komawa ya toshe hanyar iska, ga lokaci na tafiya. Iska yake buƙata. In ya yi amai ana cikin yi, wanda yakan faru, a juya shi gefe a share bakin a mayar da shi a ci gaba.

Sai shaƙewa. Gyaɗa, aya, gurjiya, ƙwallon dabino, alawa mai tauri, murfin biro, guntun balan-balan da ya fashe a wurin biki, duk mun gani. In yaro na tari da ƙarfi yana kuka a bar shi ya yi tarin, shi ne ya fi komai fitar da abu. In kuwa ya yi shiru ba sauti, ido ya firfito, leɓe da harshe sun soma yin duhu, to hanya ta toshe. Jariri ki kifa shi a kan hannunki bisa cinya, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, ki tallafe haɓarsa, ki doki tsakanin allunan kafaɗarsa da gindin tafin hannu sau 5, ki juyo shi ki danna ƙirji sau 5, ki yi ta maimaitawa. Ba a matsa wa jariri ciki, ana iya ji wa hantarsa ciwo. Wanda ya wuce shekara ɗaya shi ne bayan duka 5 a baya za ki zagaya ta bayansa ki dunƙule hannu sama da cibiya kaɗan ki ja ciki da sama sau 5. Kuma kar a zura yatsa a maƙogwaro ana lalube, ƙara tura abin ake yi, sai in kina ganinsa ƙuru-ƙuru a baki. In ya suma a koma 30 da 2, kina leƙa bakin kafin ki hura.

A nan dole in taɓo ɗura, ko da kakanni za su ji haushina. Toshe wa yaro hanci a ɗura masa koko ko jiƙo ko magani yana kuka yana shure-shure, wallahi hanya ce ta tura abin cikin huhu. Haka ba wa yaron da ya suma ko yake jijjiga ruwa ko manja ko rubutu ta baki. Mai jijjiga saboda zazzaɓi zuciyarsa na bugawa, ba danna ƙirji yake buƙata ba, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kar a cusa masa cokali, ba ya haɗiye harshensa, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti ba jira. Hayaƙi da albasa a ido ba sa tsayar da jijjiga, ƙara masa wahala suke.

Akwai masu cewa in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne, ba mai ja da wannan, ni ma na yi wa yara da yawa wannan aikin kuma Allah ya karɓi abinsa, ba kowa ke tashi ba, ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki in zuciyar yaro ta riga ta tsaya a waje da asibiti waɗanda ke rayuwa ba su da yawa. Amma wanda aka cimma numfashi ne kawai ya yanke zuciya ba ta kai ga tsayawa ba, damarsa babba ce ƙwarai, kuma ba mu san wane ne a cikinsu ba sai mun gwada. Addininmu bai hana neman sababi ba, umarni ma ya yi da shi. Abin da ke sa ni hawaye shi ne saurin da muke yi wajen ja wa yaro zani a rufe fuska a ce rai ya yi halinsa, alhali minti biyu kenan da tsamo shi, jikinsa da ɗumi. Wa ya tabbatar? Wasu kuma tsoro ne ke hana su taɓa ɗan wani, kar ya mutu a hannunsu a ce su ne. Na fahimci wannan tsoron, amma yaron da ba ya numfashi dannawarka ba za ta ƙara masa komai na sharri ba, barinsa ne ke kashe shi, kuma ya kamata masu unguwanni da limamai su riƙa faɗa a fili cewa wanda ya kai ɗauki ba a zarginsa.

Wannan ilimin ba tsoho ba ne can, kuma ba na likitoci kaɗai ba ne. A 1960 ne wasu masu bincike a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka suka wallafa cewa danna ƙirji daga waje na iya zagaya da jini ba sai an tsaga ƙirji ba, aka haɗa shi da hura iska ta baki da likitoci biyu, Peter Safar da James Elam, suka tabbatar da amfaninta a shekarun 1950. Ƙasar Norwe tun farkon shekarun 1960 ta shigar da shi makarantu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koya wa 'yan makaranta daga shekara 12, awa 2 kacal a shekara. Awa biyu fa. Mu da a gidajenmu 'yar shekara 12 ita ke goyon ƙaninta tana yi masa wanka uwa na kasuwa ko wurin aiki, ai mu muka fi kowa buƙata.

Kuma ba sai mun jira wani babban shiri daga Abuja ba, muna da mutanen a ƙasa. Kaduna ce hedikwatar Jama'atu Nasril Islam tun 1962, ga 'yan agajinta, ga na Izala, ga na Fityanul Islam, ga Red Cross, ga ƙungiyoyin matasa da na mata na coci-coci, mutane ne masu horo da biyayya da ke tsaye a kowane wa'azi da filin Idi da jana'iza. In aka koya wa kowane ɗan agaji wannan da hannunsa, shi kuma aka ɗora masa ya koya wa gidaje goma a layinsu, cikin shekara guda unguwa ta canza. Ranar awon ciki da ranar rigakafi mata na zaune a benci awa da awanni suna jiran layi a asibitocin shan magani, me zai hana a ware minti 20 a nuna musu da 'yar tsanar roba, kowace ta danna da hannunta? Islamiyyun matan aure na dare da na Asabar da Lahadi, su ma fili ne. Masu makarantun naziri da gidajen rainon yara da suka cika gari kuwa, ina roƙon ma'aikatar ilimi ta jiha ta sa ya zama sharaɗi, kar a ba makaranta izini sai akwai malamai aƙalla biyu da suka iya, kuma iyaye ku riƙa tambaya ranar da kuka je biyan kuɗin makaranta, kuna da haƙƙi. Ungozomomi nasu horon daban ne, don jaririn da aka haifa yanzu bai yi kuka ba akwai yadda ake yi masa a minti ɗaya na farko, a goge shi a tsane, a shafa bayansa, a ba shi iska, ba a riƙe shi ta ƙafa ana mari ko a tsoma shi a ruwan sanyi ba, su ma a tuna da su.

Karanta wasiƙata kaɗai ba zai sa hannu ya iya ba, sai an gwada. Duk wadda ta karanta ta ɗauki 'yar tsana ko filo yau da daddare ta gwada ƙirga 30 da 2 ɗin nan, ta nuna wa mai gidan da manyan yaran da mai aikinta, amma kar a gwada a kan yaro mai lafiya. Sannan in kin je asibiti ki ce wa malamar jinya ta nuna miki, ba za ta ƙi ba in sha Allah. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ku buga zanen yadda ake riƙe jariri da inda ake sa yatsu a shafi guda, da Hausa, babba yadda za a iya yankewa a manna a bangon tsakar gida da ajin Islamiyya, ku kuma sa a shafinku na Facebook yadda za a tura a WhatsApp. Ranar 16 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta ware don wayar da kai a kan farfaɗo da zuciya, in gidajen rediyonmu na Kaduna za su ba da ko rabin awa a ranar, akwai ma'aikatan jinya da yawa da za mu zo mu yi bayani kyauta.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su.

Wassalam,
Wata malamar jinya,
Tudun Wada, Kaduna.